Shafi Biyu a Ƙarshen Mujalla

A rumfar Tanimu, bayan Babbar Kasuwa,
inda ake sayar da tsoffin takardu a kilo,
masu ƙosai na layi su samu na naɗi,
na tsinto mujallar jiragen ƙasa na wasa.
Bango ya tafi, ciki bai tafi ba.

Shafi sittin da huɗu na ƙirga.
Manyan jirage, an ba su ɗaki sukutum,
dattawan Turawa sun riƙe ƙugu a gefe.
Ƙananan fa, masu tsawon ɗan yatsa?
Shafi biyu can ƙarshe, jikin tallan gam,
ko launi ba a sa wa hotonsu ba.

Ni gyaran agogo nake ci da shi,
na saba da abin da sai an kanne ido ɗaya.
Na ce, to, ga dangina.
Ɗakin haya a Tudun Wada
dama ba zai ɗauki babban jirgi ba.

Na kwantar da tsohon ƙyaure kan bulo huɗu.
Milimita tara tsakanin dogo da dogo,
haka mujallar ta ce, na kuwa bi.
Wayar tagulla na buge ta kwanta,
na jera tsinken ashana ɗari bakwai a ƙasanta,
Lantana ta nemi na kunna risho
ba ta samu ko ƙwaya ba.

Gadar Kogin Kaduna haƙarƙarin lema ce,
ruwan, gilashin taga da na shafa wa ƙasa-ƙasa.
Bututun masaƙun Kakuri kwankon biro,
na cusa musu auduga a baki
don a nan, aƙalla, hayaƙinsu bai ɗauke ba.

Masu tallan rake ƙwayar shinkafa ne,
kowace da ɗigon jan farce a ka.
Injin kuwa, cikin rediyo mai kaset na ciro,
ya yi wata uku yana yi mini gardama,
ya ja baya, ya tsaya, ya yi ƙauri.
Ranar da ya zaga ƙyauren nan sau ɗaya
ban iya cin tuwon dare ba.

Na ɗauki hoto, na rubuta wa masu mujalla,
na ce ga Kaduna, ku ba ta ko rabin shafi.
Bayan damina wasiƙar ta dawo da hatimi.
Jikan Tanimu ya duba waya ya ce,
Baba, sun rufe tun ba a haife ni ba.

Shi ke nan. Na ninke, na sa a ƙasan ƙyaure,
dama ɓangare ɗaya yana rawa.

Sai ran Juma'a aka kawo mini Baba Dogara,
shekara talatin da ɗaya yana juya layi a Kafanchan,
yanzu yana ta rufe idanun duka biyu.
Na zaunar da shi, na haɗa batir.
Ya karkata kunne kamar mai jin gulma,
jirgin ya zaga, ya sake zagawa,
tsoho bai ce uffan ba.

Can ya ɗaga yatsa. Tsaya.
Bayan gada, kafin kwana,
akwai gaɓar da ba ta haɗu ba.

Na sa madubin agogo a ido, na duƙa.
Ga ta nan, faɗin silin gashi.
Wata tara ina kallon wurin nan
ban taɓa ganinta ba.

Ya ce, gyara, yaro, akwai mutane a ciki.
Na ce, Baba, shinkafa ce.
Ya ce, mu ma daga ofishin Legas
ba mu fi haka girma ba.

Na ɗauko ƙarfen narka dalma.
Wuta ta ɗauke, Lantana ta haska da waya.
Shi kuwa ya laluba aljihun rigarsa,
ya fito da tsohon usur, ya riƙe a leɓe,
yana jira in ce na gama.